Ajin karatu na bayan tashi: yadda shekarar 2024/2025 ta tafi a makarantarmu

Juma'a, 20 ga Satumba 2024

An dawo makaranta. Tamu dai makarantar ikilisiya ce a gefen garin Jos, firamare da sakandare duk a harabar majami'a ɗaya, ba wata babba ba ce, irin wadda malami ya san yaro ya san iyayensa har ƙauyensu ma ya sani. Ni ke ɗaukar 'yan JSS1 Turanci da darasin addinin Kirista. Aikin da muka ɗaukar wa kanmu bana, ni da malamai biyu da 'yar bautar ƙasa da aka turo mana, shi ne duk yaron da ke JSS1 ya iya karatu kafin ƙarshen shekara. Karatu na gaske fa, ba kwafar allo ba.

Don abin da muke gani kenan kowace shekara, yaro zai kwafi noti tsaf, littafinsa cike har bango, amma ki ce masa karanta mini abin da ka rubuta sai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Hadda kam sun iya, ayar haddacewa ta makarantar Lahadi ba mai kayar da su, Yohanna 3:16 daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma juya shafi ki ɗora yatsa a wani layi daban, shiru.

Matsalar farko ita ce ɗaki. Tun da ginin Saints Academy ya rufta a Busa Buji ranar 12 ga Yuli mutum 22 suka rasu, hankalin duk mai makaranta a garin nan ya tashi, iyaye ma in sun kawo yara sai ka ga suna ɗaga kai suna kallon bango. Kwamitin makarantarmu ya kawo injiniya a lokacin hutu, ya ce a rufe ɗakunan sama sai an gyara, aka matse azuzuwa a ƙasa. Baba Rabaran ne ya ba mu aron ɗakin da 'yan kwaya ke gwajin waƙa, da sharaɗin mu fita kafin ƙarfe huɗu ranakun da suke zuwa.

Juma'a, 4 ga Oktoba 2024

Mun gama gwada yaran ɗaya bayan ɗaya. Ba jarrabawar aji ba ce, yaro ne ke zama kusa da ke a benci, ki ba shi ɗan gajeren labari, in ya kasa ki sauko zuwa layuka uku ko huɗu, in ya kasa ki sauko zuwa kalmomi, sai haruffa. Inda ya tsaya nan ne matsayinsa. Wannan dabarar daga Indiya ta fito, ƙungiyar Pratham ce ta fara ta, ana kuma amfani da ita a wasu jihohinmu kamar Borno, 'yar bautar ƙasarmu ce ta taɓa samun horo a kai ta nuna mana. Dabarar gaba ɗayanta ita ce a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba.

Abin da muka samu bai yi daɗi ba. Akwai masu karanta labari sumul, akwai masu jan kalma da kyar, akwai kuma waɗanda b da d ma rikita su suke yi, kuma dukansu sun zo da rizal mai kyau daga firamarensu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makarantun kuɗi da yawa sun daina aji shida, daga aji biyar ko ma huɗu sai a cilla yaro sakandare yana shekara tara, iyaye na murna wai ɗansu na da ƙwaƙwalwa. Sannan ba a maimaita wa yaro aji, don ranar da kika ce ya maimaita ranar uban zai ɗauke shi ya kai makarantar da ke bayan layi, su kuma karɓa za su yi hannu bibbiyu. Mu ma nan ba mu tsira daga wannan ba, kuɗin makaranta ne albashinmu.

Juma'a, 11 ga Oktoba 2024

Yau aka yi ta a ofishin malamai. Shawararmu ita ce rukuni biyu na ƙasa su fara da Hausa, sai sun kama sannan a haye zuwa Turanci. Malamin lissafi ya ce wannan komawa baya ne, a makarantar da har tarar naira hamsin ake cin yaron da aka kama yana yare a aji. Na ce masa Malam, ai yaran nan Berom ne da Ngas da Mwaghavul da Irigwe da Afizere, da 'yan Hausawa da Yarbawa kaɗan, amma ka fita lokacin tara ka saurara, da wane harshe suke faɗa kan ƙwallo? Da wane harshe ake wa'azi a sujada ta biyu? Hausa ce a bakinsu, kuma rubutun Hausa ba ya yaudara, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya gane ba, bi, bu, be, bo ya haɗa da ka, ki, ku, cikin sati kaɗan zai karanta baki da buka da kansa, ya kuma san abin da ya karanta. A Turanci kuwa yana fama da haɗa sauti yana kuma fama da ma'ana lokaci ɗaya.

Firinsifal ya saurari kowa, ya ce a gwada zango ɗaya, amma bayan an tashi, kuma kada a taɓa jadawalin safe. Litinin da Laraba da Alhamis, minti arba'in da biyar.

Laraba, 30 ga Oktoba 2024

Babu wuta fiye da sati, ba mu kaɗai ba, kusan duk Arewa ce a duhu tun da manyan layukan da ke kawo wutar suka samu matsala. Masu fotokwafi sun koma janareta, fetur kuma ya haura naira dubu lita, to kuɗin shafi ɗaya ya ninka. Mun haƙura da bugawa. Kwalayen indomi da na sabulu muka roƙo a shagunan unguwa, muka yanka, muka rubuta gaɓoɓi da maka. Da babu gara ba daɗi, amma gaskiya kwalin ya ma fi takarda, ba ya yagewa, yara suna baza shi a ƙasa suna haɗa kalmomi suna gardama.

Kuɗin keke ma ya tashi, yara da yawa sun koma zuwa a ƙafa, wanda ya tsaya ajinmu sai ya isa gida da yamma liƙis da yunwa. Wasu sun fara zamewa ana tashi.

Asabar, 23 ga Nuwamba 2024

Taron iyaye da malamai. Na san za a tayar da maganar amma ban zaci za ta cinye rabin taron ba.

Wani uba, ma'aikacin gwamnati ne, ya miƙe riƙe da kwalin 'yarsa ya ce, Malama, ni da na cire 'yata daga makarantar gwamnati na kawo ta nan ina biyan kuɗi da gumina, Hausa na kawo ta koya? In Hausa ce ai kyauta take a kasuwar Farin Gada. Aka yi dariya, wasu suka tafa. Wani kuma ya faɗi abin da ya fi wannan nauyi, ya ce yarenmu na mutuwa, 'ya'yanmu ba sa jin Berom, Hausa ta cinye mu a coci ta cinye mu a kasuwa, yanzu kuma har a aji. Wannan maganar ba ta dariya ba ce, kuma duk wanda ya san Filato ya san daga inda ta fito. Ni kaina yarena na gida ba Hausa ba ne, kuma yarana ba sa jin sa yadda nake so. Na ce masa Baba, gaskiyarka, da muna da littattafai da malamai a kowane yare da da shi za mu fara, ko tsarin harshe da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2022 ma cewa ya yi a koyar da 'yan firamare da harshen uwa ko na yankin da suke. Amma a aji ɗaya ina da yare ya fi biyar, wanda duka suke ji ɗaya ne.

Wadda ta kashe wutar ita ce Mama shugabar Zumuntar Mata, tsohuwa ce da ba ta yi boko mai nisa ba. Ta ce ita a ajin karatu na majami'a ta koyi a, ba, ca, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ta saba, daga nan ta fara tsintar Turanci har ta yi aikin unguwarzoma, kuma duk dattawan da ke zaune a gaba haka suka fara, in ƙarya take su musa. Ba wanda ya musa. Ai tarihin kenan, tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, masu bishara na farko da aka horar a Gindiri da Hausa aka koya musu, su kuma suka bazu ƙauyuka suna koya wa mutane karatu a ƙarƙashin bishiya, tun kafin gwamnatin Arewa ta fara yaƙi da jahilci. Makarantun mishan da muke alfahari da su daga nan suka taso.

An tashi a kan cewa duk uban da ba ya so ya rubuto a cire ɗansa. Kaɗan ne suka rubuto. Na kuma yi amfani da damar na roƙe su su daina gaggawar tsallakar da yara aji, tunda ana ta ce-ce-ku-ce kan shekarun shiga jami'a, wancan ministan ilimi ya ce 18, sabon da ya zo ya mayar 16, ko a 16 ɗin ma yaron da ya shiga JSS1 yana tara gida zai zauna yana jira.

Mama ta kuma yi alkawarin matan zumunta za su riƙa kawo kunu ko gwate ranakun aji. Wannan ya fi duk wani jawabi amfani.

Alhamis, 12 ga Disamba 2024

Daren waƙoƙin Kirsimeti jiya, gobe hutu. A al'ada manyan ɗalibai ke karanta nassosi, bana na roƙi a ba ɗaya daga cikin yaranmu Luka sura 2, wajen makiyaya. Yaron da a Oktoba kalma ɗaya ke gagararsa ne. Ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa, ya tsaya a wuri biyu, ya koma ya gyara da kansa, kuma wannan gyaran ne ya nuna mini ba hadda ya yi ba. Mahaifiyarsa mai sayar da tumatir ce, ta zo bayan an tashi ta kama hannuna ta rasa abin faɗa sai sannu Malama, sannu Malama.

Labari marar daɗi, ɗaya daga cikin malamai biyun da muke aikin tare ya ba da takardar barin aiki, ya samu wani wuri a Abuja. Ba na ganin laifinsa. Tun Yuli aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ku tambayi malaman ƙananan makarantun kuɗi nawa ke ganin wannan. A makarantar ikilisiya kuma da ka buɗe baki kan albashi sai a tuna maka cewa hidima ce, ladanka na sama. Hidima ce, na yarda, amma mai gidan haya ba ya karɓar wannan.

Juma'a, 17 ga Janairu 2025

Sanyin Jos na bana ba wasa, yara na zuwa asambili da suwaita biyu da safa a hannu, leɓe duk ya tsage. Har yanzu in an ta da taken ƙasa rabi na kama tsohon da aka dawo da shi a watan Mayun bara, rabi bakinsu na zamewa zuwa wancan da suka saba.

Wasu yara ba su dawo ba, kuɗin makaranta. Ma'aji ya ce wasu iyaye daga wajen Mangu da Bokkos sun kawo buhun dankalin Turawa da masara da acha a madadin kuɗi, kwamiti ya karɓa, an raba wa malamai a cire a albashi.

Mun sake gwaji. Hutu ya ci wasu, sun ɗan koma baya, amma yawancin 'yan rukunin haruffa sun hau zuwa kalmomi, na kalmomi da dama sun kai layuka. Waɗanda suka kai labari a Hausa mun fara musu sautukan Turanci. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne ba daga farko suke farawa ba, sun riga sun san cewa harafi sauti ne kuma ana haɗawa, saura kawai a nuna musu inda Turanci ya bauɗe. P da f na ba wasu wahala, haka v, sai kuma baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali a tsakani, dole sai sun cusa wani i ko u a ciki.

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Yaro ya iya karatu, to me zai karanta? Nan muka tsaya. Laburaren makaranta kabad ɗaya ne a ofishin firinsifal, kuma a kulle.

An yi sanarwa a majami'a Lahadi biyu a jere, duk mai littafi a gida ya kawo. An kawo kam, kwali-kwali, sai dai da muka zauna tantancewa yau dariya ta kusa kashe mu. Tsofaffin littattafan tauhidi na wani fasto da ya rasu, littafin koyon akanta na jami'a, mujallun ƙasar waje masu labarin dusar ƙanƙara da wasu dabbobin da ko ni ban taɓa gani ba. Na yara da za su iya ɗauka su karanta bai cika kwali ɗaya ba, na Hausa kuwa in aka cire Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi kusan babu. Wata malama da ta taɓa aiki a Bauchi ta ba mu aron 'yan littattafan Mu Karanta da aka yi wa makarantun gwamnati na Bauchi da Sakkwato, suna da kyau ƙwarai, an tsara su daki-daki, sai dai na 'yan firamare ne, ɗan shekara goma sha biyu na jin kunya a gan shi da su.

Sai muka koma rubuta namu. Yaro ya ba da labari da baki, mu rubuta a allo yadda ya faɗa, aji ya karanta, a kwafe a takarda a ɗinke da zare. Labarin ranar da akuya ta shiga coci ana tsakiyar baiko, labarin haƙar kuza da kakan wani ya yi a Bukuru, yadda ake shuka acha da yadda ake sussuka ta, tatsuniyar gizo iri-iri. Waɗannan su suka fi yawo a hannu har sun yi baƙi. Wani kafinta ɗan ikilisiya ya buga mana kanta kyauta, katako kawai muka saya.

Laraba, 12 ga Maris 2025

Bana azumin Musulmi da kwana arba'in na kafin Ista sun haɗu, wancan ya fara farkon wata, Larabar toka kuma ta faɗo 5 ga wata. Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi sun rufe makarantu saboda azumi, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi magana, an yi ta muhawara a rediyo da Facebook. Mu nan muna buɗe.

Muna da yara Musulmi a makarantar, ba su da yawa, iyayensu sun san makarantar coci ce suka kawo su, ana sujadar safe suna tsaye a layi ba a tilasta musu rufe ido ko waƙa. Uku suna ajinmu. Tsayawa bayan tashi da azumi a baki ga shi ana raba wa sauran kunu bai dace ba, sai muka mayar da nasu lokacin tara, 'yar bautar ƙasa ke zama da su. A rukuninsu dama ba ma amfani da nassi wajen gwajin karatu, labaran da muka ɗinka muke ba su. Wani dattijon ikilisiya ya tambaye ni dalili, wai ai dama ce ta bishara. Na ce Baba, amana uban ya ba mu, ya ce a koya wa ɗansa karatu, in muka yi masa wayo ta bayan gida wace shaida muka bayar? Bai ji daɗi ba amma bai kai maganar gaba ba.

Ɗaya daga cikinsu ta ba ni mamaki, boko na ba ta wahala amma tana karanta Larabci da wasulla daga Islamiyya, haɗa baƙi da wasali ba sabon abu ba ne a wurinta, da ta gane abu ɗaya ne sai ta wuce kowa a rukunin.

Juma'a, 4 ga Afrilu 2025

Jarrabawar zango na biyu da gasar wasanni sun cinye mana kusan sati uku. An tafi hutun Ista. Kowane yaro ya tafi da littafi ɗaya na ɗinki, ya sa hannu a rajista.

Juma'a, 9 ga Mayu 2025

Hutun bai yi daɗi ba. An kai hare-hare ƙauyukan Bokkos farkon Afrilu, sannan Zikke a Bassa tsakiyar wata, mutane da yawa sun mutu. Da aka dawo sai ga sababbin yara, 'yan'uwan membobinmu da suka gudo gari, ba takardar makaranta ba yunifom. Kwamiti ya ce a karɓe su kyauta zuwa ƙarshen shekara, Zumuntar Mata ta ɗinka musu kaya.

An turo mana su ajin karatu duka, har da wanda ya isa JSS3. Wasu sun daɗe rabonsu da aji tun rikicin Mangu na 2023. Akwai yarinyar da ba ta magana ko kaɗan, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura ta nufi taga. Ban san yadda ake gwada karatun yaron da ba ya buɗe baki ba, na bar ta tana zama kusa da kanta tana jera kwalaye. Mun buɗe sabon rukunin haruffa a wata na tara na shekarar karatu, mu biyu da 'yar bautar ƙasa, sai muka ɗauko manyan yaranmu da suka riga suka haye, kowa ya riƙe ɗaya. Ashe sun fi mu haƙuri, kuma sun san daidai inda abin ke maƙalewa tunda jiya-jiya suka wuce wurin.

Juma'a, 20 ga Yuni 2025

'Yan SS3 sun gama WAEC, NECO ta kama. Duk lokacin jarrabawa makarantar kan koma tasu, ba hayaniya, ba kaɗa ƙararrawa, an kuma ɗebe mana benci. Ga ruwan sama, in ya sauko kan kwanon ɗakin 'yan kwaya ko ihu kike yi ba mai ji, sai karatun zuci.

Turanci na tafiya amma a hankali fiye da yadda na so. Gajerun kalmomi masu bin ƙa'ida ba matsala, waɗanda ake rubuta su daban a faɗe su daban kuwa sai hadda, kuma ko sun karanta daidai ma'anar na kuɓuce musu, don kalmomin Turancin da suka sani ba su da yawa. Littafin kimiyya na JSS1 har yanzu ya fi ƙarfin rabinsu. Yanzu kafin a karanta shafi sai mun yi hirarsa da Hausa tukuna, a fitar da kalmomi biyar ko shida masu wuya a rubuta a allo, sannan a shiga.

Laraba, 16 ga Yuli 2025

Jiya aka shirya gwajin ƙarshe sai aka ba da hutu saboda rasuwar tsohon shugaban ƙasa Buhari, yau muka yi. Takardun Oktoba muka ɗauko, irin gwajin, labari daban. Cikin waɗanda muka fara da su tun farko ba wanda ya rage a haruffa. Mafi yawa suna karanta labarin Hausa su amsa tambaya a kai. A Turanci kuwa sun rabu, wasu labari, da yawa layuka, 'yan kaɗan har yanzu kalmomi. Yara biyu ba su motsa sosai ba duk da ba sa fashi, ɗaya ina zargin ido ne don sai ya manna takarda a hanci, na rubuta wa iyayensa su kai shi a duba.

Asabar, 26 ga Yuli 2025

Bikin yaye ɗalibai da ba da kyaututtuka. Rumfa, kujerun haya, 'yan nazare da rigar digiri har ƙasa suna tuntuɓe, Boys' Brigade da ganguna, babban baƙo ya makara awa biyu. Firinsifal ya karanta rahoton shekara, ya daɗe kan gyaran ɗakunan sama da kofin da aka ci a gasar kacici-kacici ta Littafi Mai Tsarki, ajin karatu ya samu layi ɗaya. Ban yi mamaki ba, ba makarantar kuɗin da za ta tsaya gaban iyaye ta ce mun karɓi yaran da ba su iya karatu ba, wasunsu ma daga firamarenmu suka fito.

Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai in na waiwayi shekarar. Muna da sujada kowace safiya, muna da taron zumuntar ɗalibai Kirista, FCS, ranar Laraba, yaranmu na gaida manya da rusunawa, ba a satar amsa a ɗakin jarrabawarmu kuma muna bugun ƙirji da hakan. Amma rubuta wa yaro saba'in a rizal alhali ba ya iya karanta tambayar, don kada uban ya ɗauke shi, shi ma ƙarya ne, kuma mun daɗe muna yi ba wanda ya kira shi da sunansa. Na faɗi haka a taron malamai na ƙarshe, wasu sun ɓata rai, hedimistires ta firamare ta ce in zo in riƙe aji uku na wata ɗaya in gani. Tana da gaskiyarta, ita ma yara arba'in ne a gabanta da malamai masu sauyawa kowane zango.

Alkawarin Satumba cewa kowane yaro zai iya karatu bai cika duka ba, a Hausa ya kusa, a Turanci da saura. Uban nan mai maganar kasuwar Farin Gada bai cire 'yarsa ba, yau ma ya zo, ya ce Malama har yanzu ban yarda da ke ba amma yarinyar na karanta mini saƙon waya. Wanda ya yi maganar Berom kuwa ya kawo mini tsohon littafin koyon karatu na yaren, ya ce in da gaske nake a buɗe musu nasu ranar Asabar, shi zai koyar. Yarinyar da ba ta magana ta fara, ƙasa-ƙasa, da wadda ke riƙe da ita kawai.

Talata, 29 ga Yuli 2025

Zaman kwamiti. An amince a yi gwajin ɗaya bayan ɗaya ga duk mai neman shiga JSS1, a kuma fara shi daga aji uku na firamare. An soke tarar yare. Maganar dawo da aji shida an ɗage ta, ma'aji ya ce za a rasa yara. Shigar da ajin cikin jadawalin safe ma ba a gama ba, sai an ga wane darasi zai ba da lokacinsa, kuma ba wanda ya ɗaga hannu.

'Yar bautar ƙasarmu na gab da gamawa, na roƙi a riƙe ta, Baba Rabaran ya ce zai kai wa dattawa. Littattafan ɗinki da suka dawo na kwashe su a jarka mai murfi na kai ofishinsa saboda ɗakin 'yan kwaya na yoyo ta kusurwa, waɗanda suka yage kuma na taho da su gida in sake kwafa kafin Satumba. Ajin Berom na Asabar zai fara sati na biyu da dawowa in an samu ɗaki.